Shuɗiyar Duniyar da Mus'ab Ya Bari

ZUBAIR: Salamu alaikum. Job ne?

JOB: Ni ne. Wa ke magana?

ZUBAIR: Zubair ne daga Bakori, wan Mus'ab.

JOB: Af, Yaya Zubair! Ina wuni? Ya ƙarin haƙuri?

ZUBAIR: Da godiya. Ya Malumfashi, ya su Baba?

JOB: Lafiya lau. Ya Inna? Ta fara cin abinci?

ZUBAIR: Sama-sama dai. Kun kwashe masara?

JOB: Saura ta bayan gari. Allah ya jiƙan Mus'ab.

ZUBAIR: Amin. Kai, wasan nan naku na jirgin sararin samaniya nake kunne da shi a kwamfutarsa.

JOB: Kai, Yaya? Kai da kake cewa aikin marasa gona ne?

ZUBAIR: Har gobe ma haka ne. Saurara, kati ba yawa. Yau ake rabon gado. Kawu da malam suna zaure, da an yi la'asar kwamfutar ta tafi wurin wani mai shago a Funtua, ya goge komai.

JOB: Subhana! Lambar sirrinsa fa? Da ita ko a tawa sai a shiga.

ZUBAIR: Ya tafi da abarsa. A nan kaɗai take buɗewa da kanta. Ran sadakar uku ka ce mini duk duniyar da mutum ya fara ganowa, sunansa ake maƙala mata. Haka ne?

JOB: Haka ne, in ya yi mata sikanin.

ZUBAIR: Irin na masu ciki?

JOB: Kusan haka. Ka matsa kusa, ka harba na'ura ta leƙe ta. Amma me ya sa...

ZUBAIR: Jiya Inna ta ce yaron nan bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, ko bishiya ba a kira da sunansa. Abin ya tsaya mini a rai. So nake in ɗauki hoton sunan da waya in nuna mata. Halo? Halo!

JOB: Ina ji, sabis ne. Me kake gani yanzu?

ZUBAIR: Rana guda, da 'yan dunƙule-dunƙule a jere kamar dawon fura. Ai na riga na harba wa tara na'urar.

JOB: Waɗanne tara?

ZUBAIR: Daga bakin layi na faro mana.

JOB: Wace kala ce da su?

ZUBAIR: Fari-fari, toka-toka.

JOB: Wayyo, Yaya! Ƙanƙara ce da duwatsu! Ba wanda ke tsayawa kansu. Dubawa ake a zaɓi mai ruwa, ko mai kore, ko mai ƙarfe, a tsallake tarkacen.

ZUBAIR: A tsallake? A gidan wa ake noma ana tsallake kunya?

JOB: Wannan ba gona ba ce!

ZUBAIR: To ai ba ka faɗa ba. Tun hantsi nake bin su ɗaya bayan ɗaya, ga wuta babu, cajin ya yi ja.

JOB: Duba can ƙarshen layi. Akwai wata shuɗiya mai ratsin fari?

ZUBAIR: Ga ta, kamar ƙwan zabo da aka tsoma a shuni.

JOB: Ita ce! Ruwa ne da ita, har da tsirrai. Ana shekara ba a samu irinta ba. Ranar da zai hau mashin ɗin nan zuwa Funtua sai da ya kira ni, ya ce, "Job, na samo fadama, in na dawo zan shiga."

ZUBAIR: Allah sarki. Wato fako na wuni ina nomewa, fadama na gefe. Bari in nufe ta.

JOB: Tsaya! Tana da nisa ƙwarai. Kuma sikanin kaɗai ba ya sa suna, sai jirgi ya koma tasha an miƙa bayanan. In kwamfutar ta mutu a hanya, har tara ɗin an yi asara.

ZUBAIR: Cajin zai kai duka biyu?

JOB: Ja ka ce? Ba zai kai ba.

ZUBAIR: Ko da gudu?

JOB: Ba mashin ba ne, Yaya.

ZUBAIR: Tsaya. Na'am, Kawu! Ga ni nan, alwala zan yi! Ka ji, sun fara kira. Kai da ka san dawan garin, me za ka yi?

JOB: Ni dai zuciyata na kan shuɗiyar. Amma gara guntun gatarinka da sari ka ba ni. Koma tasha.

ZUBAIR: Ina zan danna?

JOB: Taswira, hannun hagu. Akwai alama kamar rumbu. Danna, ka bar jirgin ya kai kansa.

ZUBAIR: Na danna. Kai! Taurari sun zama zare.

JOB: Haka yake yi. Yaya, na san inda shuɗiyar take, ya ba ni kwatance. Na yi maka alkawari ba zan taka wurin ba.

ZUBAIR: Wani fa?

JOB: Ko'ina a duniya ana buga wasan, wata rana wani Bature ko ɗan Sin zai faɗo kanta.

ZUBAIR: To ka je.

JOB: Sunana zai fito, ba nasa ba.

ZUBAIR: Na sani. In an gama girbi, abin da ya saura a gona kala ne, kuma maƙwabci ya fi baƙo cancanta. Kai ka ɗauko shi daga bakin kwalta ka kai asibiti, rigarka duk jini. Ka je, na ce.

JOB: Yaya, wallahi kuka za ka sa ni.

ZUBAIR: Yi daga baya, kati kake cinye mini. Ga wani gini yana juyawa, jirgin ya shige ciki.

JOB: Tashar ke nan. Nemi inda ake miƙa bayanai, ka danna kore.

ZUBAIR: Yana lodi... yana lodi... Kawu, ina zuwa! Yauwa. Job.

JOB: Ya fito?

ZUBAIR: "Mus'ab Bakori." Ga shi kuma. Ga shi kuma. Har tara.

JOB: Duwatsu ne dai, Yaya.

ZUBAIR: Inna ba za ta tambayi irin ƙasar ba. Kashe wayar, in ɗauki hoton kafin kwamfutar ta mu...