Yadda Na Kusa Kashe Cikina da Wanki

'Yan'uwa mata na zumunta, ina gaishe ku cikin sunan Yesu, wanda bai ji ƙyamata ba ran da ni kaina na ji.

Sunana Rifkatu, ina koyarwa a wata firamare a nan Gashua. Kun san ni da ƙyanƙyami. Ko kofin wani ba na sha da shi. To, ni ɗin nan ce na yi shekara biyu cikina yana wulaƙanta ni. Yau gudawa, gobe in yi kwana huɗu ban zaga ba, ga kumburi, ga kuka kamar an rufe kwaɗi a tulu. Ina tsakiyar darasi sai in ajiye alli in ruga masai, masan makarantar nan da ƙudaje suka mallaka. Tir!

Na ce datti ne ya taru a cikina. Duk Asabar sai in yi wankin ciki da jiƙon kanwa, in sayi kafso ja da rawaya wurin mai talla a tasha, in fasa biyu a cikin koko. Kullum abin ƙaruwa yake.

Ran nan ban kai masai ba. Abin ya kufce mini a gaban 'yan aji huɗu. Hedimasta ya kira ni ya ce, "Malama, ki nemi magani kafin ƙarshen zango, in ba haka ba zan nemi wata."

Na hau akori-kura zuwa Nguru wurin wani likita. Da ya ji tarihin kafso sai ya ajiye biro.

"Malama, a hanjin kowa akwai ƙananan halittu masu rai, ido ba ya ganinsu. Su ke taya ki narkar da abinci. Kin bi su da kafso kin karkashe."

Na ce, "Masu rai? A cikina?" Saura kaɗan in yi masa amai a tebur.

Ya ce in bar kafso, in bar kanwa, in riƙa shan kindirmo kullum. Kindirmo, madarar da ta kwana ta yi tsami, wadda ko warinta ba na so.

Na sayo ƙwarya ɗaya, na zauna ina hararar ta. Daga nan na durƙusa ina kuka na ce, "Ubangiji, ashe kai ka zuba su a cikina, ni kuma na kira aikin hannunka ƙazanta. Ka gafarta mini, ka dawo da su." Na toshe hanci na shanye.

Ba a rana ɗaya ba ne. Sai da na yi makonni ina sha ina yamutsa fuska kafin cikin ya lafa. Har yanzu in na ci wake da yawa yakan tuna mini. Amma zango ya ƙare, wani ya shigo, ina nan a ajina.

Na gode wa Allah. 'Yar'uwa, in maganinki ya zo a ƙwaryar da ba ki so, ki dogara gare shi ki sha. Amin.