A Bar Mata Muryarta

Mai girma shugaban taro, shugabannin ƙungiyarmu ta masu shirya fim, masu gidajen sinima, iyayenmu mata da maza, abokan sana'a, jama'a masu daraja, assalamu alaikum.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, ina kuma godiya gare ku da kuka kalli fim ɗinmu na barkwanci har ƙarshe. Ni na ba da umarninsa, kuma na ji dariyarku daga bakin ƙofa inda na laɓe.

Maganar da ta tsayar da ni ɗaya ce. Jarumar fim ɗin, wadda ta fito a matsayin tela mai shagon ɗinki, tana da in'ina. Masu sinima sun ce za su haska fim ɗin, amma sai an cire muryarta an ɗora ta wata, don wai mai kallo ba ya son jira. Yau za ku yanke hukunci.

Na farko, mu faɗa wa kanmu gaskiya. A fina-finanmu na barkwanci, mai in'ina yakan shigo ne a yi masa dariya ya fita. Haka gajere, haka mai ƙiba, haka kurma. Mace kuwa tana gefe, ko tana kuka ko tana masifa. A wannan karon mace ce ke riƙe da labarin, ita ke ba da dariyar, kuma duk wanda ya ja da ita a shagon nan shi ke fita da kunya.

Na biyu, maganar sana'a. Mai tace mana fim ya saba, duk inda ya ga shiru sai ya datse. Ya gwada datse wuraren da kalma ke maƙale mata, muka zauna a ɗakin tacewa muka kalla. Ko murmushi babu wanda ya yi. Ashe a wannan jiran dariyar take taruwa: ta riƙe kalmar, mai kallo ya riƙe numfashi, sannan ta sako ta a kan mai gardama. Shi kansa mai tacewar ya dafe kai ya ce, “Darakta, na yanke gishirin na bar ruwan.”

Na uku, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Mun kira jarumar zuwa ɗakin ɗaukar sauti ta ji muryar da ake so a ɗora mata. Ta saurara tsaf, ta cire abin sauraren daga kunnenta, ta ce, “Muryar tana da daɗi. To amma idan 'yata ta kalla, me zan ce mata? Ita ma irin maganata take yi, kuma a aji ta daina ɗaga hannu.”

Jama'a, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Jarumar tana nan zaune a cikinku. Ta so ta yi wannan jawabi da kanta, aka ce lokacin da aka ware wa kowa ba zai ishe ta ba, sai ni na tsaya a madadinta. Kun ga ke nan tun kafin ku yanke hukunci an riga an ɗora mata murya, kuma tawa ce aka ɗora. Ban yarda ba. Mai girma shugaba, sauran lokacina nata ne. Ina roƙon a miƙa mata makirufo, a ajiye ƙararrawar tsayar da mai jawabi, mu jira ta har ta kai ƙarshen maganarta.

Allah ya ba mu haƙurin saurare, ya sa mu yi adalci, ya raya mana zuri'a, ya mai da kowa gidansa lafiya.

'Yar'uwa, bismillah, taso. Na gode.