Kada a saki tsuntsun nan a Misfala

Assalamu alaikum. Shugaban wannan zama, Baba Yunus, Allah ya ƙara girma. Malam Abdulilah limaminmu, iyayena mata, maƙwabta mazauna wannan imara, wato benenmu na unguwar Misfala a nan Makka, ina gaishe ku. Na gode da aka bar ƙaramar cikinku ta yi magana.

An yanke cewa bayan la'asar mijina Ma'aruf zai hau saman imara ya saki tsuntsun da ya sayo min a kasuwar Jidda, domin Malam ya ce ba a tsare tsuntsun daji a cikin Harami. Ban ja da Malam ba. Roƙo na zo yi.

Na farko, tsuntsun nan baƙo ne. Na bincika, asalinsa dazuzzukan Kudancin Amurka, inda danginsa suka kai iri ɗaruruwa. Wani a ƙololuwar itace yake rayuwa, wani a bakin kogi, wani cikin ciyawa, kowa da wurinsa. Yawancinsu ƙwari suke cafkewa a iska.

Na biyu, tun zuwansa kowa ke watsa masa alkama don neman lada, kamar tattabarun Harami, shi kuwa ko kallo. Inna Ɗaso har cewa ta yi, "Wanda ya raina alkamar Makka, ai sai a dafa masa shinkafar kabsa da nama." An yi dariya. Inna, ba raini ba ne, ba cimarsa ba ce. Ku duba yadda ya rame, ƙirjin nan ruwan ɗorawa duk ya yamutse.

A littattafan da nake karantawa, da an buɗe keji sai tsuntsu ya tashi, labari ya ƙare da daɗi. Na so a ce haka ne. Amma tsakanin benayen nan, cikin wannan rana, ina itace, ina kogi? Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, wannan kuwa babu mai amsa masa. Kafin magariba kyanwa ta ɗauke shi.

Saboda haka, Baba, a bar Ma'aruf ya fitar da shi daga iyakar Harami yau, ya kai wa Talal mai kiwon tsuntsaye a Jidda. Kyautar aurena ce, na haƙura da ita. Na fi son in rasa shi da ransa.

Allah ya haɗa kanmu, ya sa mu ji ƙan abin da ba ya iya magana. Na gode.