Ko ka tashi, ko ka ajiye makulli

Assalamu alaikum malam mai gabatarwa. Ni direban kamyo ne, wato babbar motar kaya, a Arlit, muna kai kaya Assamakka.

Tsohon shef ɗinmu, wato shugabanmu a wurin aiki, in ka ce mota ba lafiya, da kansa yake shiga ƙarƙashinta ya duba. Shi ya sa muke masa aiki da zuciya ɗaya. Da ya tafi, aka kawo mana mai tsawa. Abokina Ghali ya gaya masa birkinsa ba ya kamawa, sai ya ce, "Ko ka tashi, ko ka ajiye makulli." Ghali mai iyali ne, ya tashi. Gawarsa aka dawo mana da ita.

Yanzu tsoro ya hana kowa faɗin matsalar motarsa. Jama'a, ku ba mu shawara: mu haɗa kai mu tunkare shi, ko mu bar aikin?