Jan da Ya Rage a Shagon Fatsa

A shagon kayan fatsa na bakin teku a garin Abashiri, lokacin shigowar kifin salmon, ɗan kifin ƙarfe da ake sa wa fatsa don yaudarar kifi, ja guda ɗaya ya rage. Chizuru ta miƙa hannu, sai wani tsoho da shi ma idonsa ke kan jan ya yi gyaran murya.

"'Yata, ja kuma? Kifayen bana sun waye, shuɗi suke bi."

"Haba Baba, kowa ja yake jefawa."

"Shi ya sa suke komawa gida hannu rabbana. Bar shi kawai."

"To, ga shuɗinka." Ta ɗauko shuɗi ta danƙa masa, ta cire jan.

Tsohon ya fashe da dariya. "In kin kama biyu, taimaka mini da ɗaya. Da shuɗin nan ko ɗaya ban kama ba, har matata ta daina gaishe ni."