Kawa a Gaban Taga

A ɗakin jira na ofishin ba da izinin kiwo a teku, can gaɓar jihar Maine ta Amurka, Merle Beal na zaune da takardunsa a cinya. Wata dattijuwa mai farar malafa ta zauna kusa da shi.

"Bawan Allah, ka daɗe kana jira?"

"Shekara uku," in ji Merle. "Kawa nake son kiwatawa, 'yar halittar tekun nan mai ɓawo da ake ci. Ofishin ruwa ya tura ni na kifi, na kifi ya tura ni na jiragen ruwa. Da muka koka, gwamnati ta tausaya mana ta buɗe na huɗu don ya haɗa kan ukun. Shi ne wannan."

"Abin kunya. Ni da ba na iya kwana biyu ban ci kawa ba. Ya kamata a taimake ku."

"Ke fa, me ya kawo ki?"

"Ƙara. Wani marar ta-ido ne zai jera baƙaƙen kejinsa a ruwa, daidai tagar gidan da nake hutu. Amma ba laifi, 'yan ofishin nan suna aiki. Duk takardar da na rubuto sai su dakatar da shi wata shida. Wannan ce ta shida."

"A ina gidan yake?"

"Mashigin teku na Pruitt."

Merle ya kife takardunsa a hankali, don sunan wannan mashigin ne a rubuce a samansu.

"Ranki ya daɗe, kawar da kike ci, a ina kike so a kiwata ta?"

"A teku mana. Ai ba kowa ke da taga ba."

Ma'aikaciya ta leƙo ta kira dattijuwar. Shi kuwa Merle, ta ce masa ya dawo bayan wata shida.