Ba'anan Haya

A bencin ƙofar kotu a Maiduguri, Gumsu, wadda ake son ƙwace gonar marigayi mijinta, ta ji baƙon da ke gefenta yana ta nanata wani suna.

"Malam, wa kake kira?"

"Kaina, Iya. Yau Ba'ana nake, sunan Kanuri da aka ba ni in haddace. Zan shaida a gabana marigayi ya sayar da gonarsa ta Khaddamari."

"Ka san shi?"

"Ina fa! Jiya aka ɗauko ni daga Bauchi. An ce matarsa ba ta da baki."

Gumsu ta juya harshe zuwa Kanuri: "To wushe, Ba'ana. Nda watu?"

"Me kika ce, Iya?"

"Ba'anan da gaisuwar Kanuri ta gagara? Ni ce marar bakin. Tashi mu shiga, a gaban alƙali zan sake gaishe ka."